Matsaloli sun yi wa makarantarmu taron dangi: ta ina ya kamata a fara?

Sabon Hedimasta ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da iyayen da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka riga mu daɗewa a aikin koyarwa. A farkon zangon da ya wuce ne aka ɗora mini shugabancin wata makarantar firamare ta gwamnati a wani gari mai kasuwar mako, bayan na shafe shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli a matsayin malamin aji. A rajista muna da ɗalibai kusan 600, malamai tara har da ni da malamin Arabiyya, da ɗakunan karatu bakwai, waɗanda iska ta yaye wa biyu daga cikinsu kwano tun daminar bara.

Abin da ya dame ni shi ne, matsalolin ba ɗaya ba ne kuma ba biyu ba. Yara suna makara ƙwarai, ranar Laraba da kasuwa ke ci makarantar takan koma tamkar an ba da hutu, 'yan mata suna zamewa ɗaya bayan ɗaya da zarar sun kai aji biyar, sannan abin da ya fi ci mini rai shi ne na shiga aji huɗu na miƙa wa yara littafi, na tarar da yawancinsu ba sa iya karanta layi guda ba tare da malami ya faɗa sun maimaita ba. Ban zauna na naɗe hannu ba. Na sa an tsaya da bulala a bakin ƙofa, makara ta ragu na mako biyu, daga baya na fahimci cewa masu makarar ba gyaruwa suka yi ba, daina shigowa suka yi gaba ɗaya idan sun hango an fara dukan. Na buɗe darasin ƙari bayan an tashi, sai ya zama waɗanda suka riga suka iya ne kawai ke tsayawa. Na rubuta takarda uku a kan rufin ɗakunan, na kira taron iyaye sau biyu, na farko mutum ashirin suka zo, na biyu ba su kai goma ba.

Na zama kamar mai ɗinkin tsohon zane, in ka toshe nan sai can ya yage. Tambayata ga masana ita ce, shin akwai wani tsari da shugaban makaranta zai bi daki-daki wajen tunkarar irin waɗannan matsaloli, wanda zai yiwu a makaranta irin tamu da ba ta da kuɗin kashewa ko na sayen alli? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Jami'in Ilimi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Hedimasta. Allah ya taya ka riƙo. Na yi aiki a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a zamanin shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 a jihohin Kano, Jigawa, Kaduna, Kwara, Inugu da Legas, kuma aikina a lokacin shi ne zagaya makarantu ina zama da shugabanninsu. Abin da ka rubuta na ji shi daga bakin hedimastoci masu yawa, saboda haka ka yi haƙuri da ni idan na yi maka magana ba tare da kwana-kwana ba.

Ka lissafo matsaloli huɗu ko biyar, amma babu ko ɗaya da ka auna. Cewa yara suna fashi koke ne, bai kai matsayin matsalar da za a iya yi wa magani ba, sai ranar da ka iya faɗin yara nawa, 'yan wane aji, a waɗanne ranaku, kuma daga wace unguwa. Bulalar da ka sa a bakin ƙofa ba don mugunta ka sa ta ba, don dai ka ba da magani ne kafin ka san cutar, kuma maƙera sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Saboda haka aikinka na farko ƙirga ne. Na tsawon mako uku ko huɗu, ka riƙa kiran suna da kanka ko ka sa wanda ka amince da shi, sau biyu a rana, da safe da kuma bayan an dawo daga tara. Kada ka dogara da rajistar da malamin aji ke cikewa ranar Juma'a daga ƙwaƙwalwarsa, domin na sha ganin rajistar da ta nuna kowa ya zo a ranar da ni kaina na tarar da benci babu kowa.

Idan ka gama wannan ƙirga za ka ga cewa abin da kake kira fashi ya rabu aƙalla gida uku. Akwai sunayen da ba su taɓa zuwa ba ko sau ɗaya, yaran da suka bar garin, ko aka kai su karatun allo wani wuri, ko aka rubuta su lokacin da aka ji labarin za a fara ciyarwa. Waɗannan aikin gyaran rajista ne da bincike a unguwa. Akwai ranar da kusan kowa ke ɓacewa, kamar Larabarku, wadda matsala ce ta gari baki ɗaya, ba a warware ta da hukunta yaro ɗaya. Sannan akwai yara ƙalilan da ke fashi ba tare da wata rana tsayayya ba, yau suna nan gobe babu su, kuma su ne ya kamata a bi gida-gida, domin ruwa ba ya tsami banza. Ma'aunin da ake yawan amfani da shi a ƙasashe da dama shi ne, yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na ranakun karatu, wato kwana biyu kacal a wata, ya shiga sahun waɗanda za a sa wa ido, ko da uzurinsa na gaskiya ne. Ka ga yaron da kasuwa ke ɗauke shi kowace Laraba ya riga ya rasa kashi 20.

Akwai wani ƙirgan da shugabanni ba sa son yi saboda yana taɓa abokan aiki, amma in ba a yi shi ba sauran duk aikin banza ne. Ka ɗauki jadawalin darussa ka zagaya azuzuwa sau uku a rana ba tare da sanarwa ba, ka rubuta ajin da ake koyarwa a cikinsa a daidai wannan lokacin, da wanda malami yake ciki amma yana wani abu daban, da wanda aka bar wa monita da sanda. Ba don ka kai ƙarar kowa ba, don ka san awa nawa yaro ke samu na karatu a cikin awa biyar ko shida da yake yi a makaranta. A makarantu da yawa da na zagaya, shara da taron safe da ɗibar ruwa da tarar da ta zarce lokacinta sukan cinye darasi biyu kafin a ankara, alhali darasin farko shi ne galibi na karatu ko lissafi.

Bayan ƙirga sai zaɓi. Ka ja layi a takarda, a gefe ɗaya ka rubuta abin da ke hannunka, a ɗaya gefen abin da ke hannun wasu. Rufin ɗaki yana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, amma sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta karɓi kasonta na gine-gine, kuma wannan hanya ce mai tsawo wadda hedimasta ba shi da iko a kanta. Ka ci gaba da rubutawa, ka bi ta hannun sakataren ilimi da kansila da mai gari, amma kada ka jingine karatun yara har sai an buga kwano. Daga cikin abubuwan da ke hannunka ka zaɓi ɗaya, in ya yi yawa biyu, domin taura biyu ba ta taunuwa. Ka rubuta a shafi guda abin da za a yi, wanda zai yi shi, da ranar da za a sake aunawa, kamar bayan mako shida. Na ce shafi guda ne da gangan. A zamaninmu na ga tsarin bunƙasa makaranta mai shafi arba'in, an yi masa bango mai kyau, ana fito da shi ranar da baƙi suka zo, a mayar da shi durowa idan sun tafi. Idan ranar ta zo ka sake ƙirgawa da irin ma'aunin farko, in lambar ta motsa ka ci gaba, in ba ta motsa ba ka yarda cewa hasashenka na dalilin ne bai yi daidai ba, ka koma ka sake tambaya.

Malamar Aji Huɗu ta amsa:

Ina goyon bayan Baba a kan duk abin da ya faɗa, sai dai a wuri ɗaya nake da ɗan bambancin ra'ayi, kuma ina neman afuwarsa. A ganina ba sai Malam Hedimasta ya jira wata guda yana ƙirga masu fashi ba kafin ya taɓa maganar karatu, domin auna karatun aji guda kwana biyu ne kawai, kuma sau da yawa rashin iya karatun ne ke haifar da fashin. Yaron da ya shekara huɗu yana zaune yana kallon allo ba ya gane komai, kasuwa ta fi masa daɗi, aƙalla a can yana da amfani.

Hanyar da nake bi ta samo asali ne daga wata ƙungiya ta ƙasar Indiya mai suna Pratham, wadda tun 2005 take gudanar da binciken karatun yara gida-gida da ake kira ASER. Ita ce kuma ta gina tsarin koyar da yaro daidai da matakinsa, wanda ake taƙaita sunansa da TaRL, kuma da irin ma'aunin wannan bincike ake auna yara a cikinsa. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, suna cikin waɗanda suka shekara da shekaru suna gwada shi a makarantun Indiya. Zambiya ta ɗauke shi tun 2016, a nan gida kuma an gwada shi a Borno, an kuma gwada shi a Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a ƙarƙashin shirin bunƙasa karatu da lissafi na KaLMA.

Yadda ake awon ba shi da wuya. Ka samu takarda ɗaya ka rubuta abubuwa huɗu a kanta da Hausa: haruffa goma a warwatse, har da ɓ da ɗ da ƙ, kalmomi goma masu sauƙi, sakin layi mai jimla huɗu gajeru, da ɗan labari mai layi takwas ko goma. Ka kira yaro shi kaɗai, nesa da kunnen sauran, ka fara ba shi sakin layin. Idan ya karanta sai ka hau da shi zuwa labarin, idan ya kasa sai ka sauko zuwa kalmomi, in nan ma ya kasa ka sauko zuwa haruffa. Cikin minti huɗu ko biyar ka san matakinsa a cikin biyar: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai sakin layi, da mai labari. Abubuwa biyu zan ja hankali a kansu. Kada a ɗauko rubutun daga littafin aji, domin yaranmu gwanayen hadda ne, za su rera maka shafi guda idanunsu na kallon silin. Sannan a fara da Hausa, domin yaron da aka auna da Turanci ya kasa ba a san ko karatun ne bai iya ba ko harshen ne bai ji ba, kuma a da manufar ilimi ta ƙasa ta shekara da shekaru tana cewa a yi koyarwa da harshen gida a shekaru ukun farko na firamare.

Bayan awo sai a ware awa ɗaya a kowace rana, a rushe azuzuwan huɗu zuwa shida a wannan awar kaɗai, a zaunar da yara bisa matakinsu. Masu neman harafi suna wasa da sauti da katin kwali, masu harafi suna haɗa baƙi da wasali su yi gaɓa, ba, bi, bu, su haɗa gaɓoɓi su yi kalma, masu sakin layi suna karanta labari su amsa tambaya. Duk wanda ya haye sai a matsar da shi gaba ba tare da jiran ƙarshen shekara ba. Lokacin da na fara, wasu iyaye sun yi ƙorafin an mayar da ɗan aji shida wurin 'yan aji huɗu. Abin da na faɗa musu shi ne, wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo ba shekarun haihuwa ke ɗaga yaro a karatu ba; mai babbaƙu yana babbaƙunsa, mai farfaru yana farfarunsa, kuma babu malamin da zai bar almajiri ya wanke allo sai ya biya karatunsa daidai. Boko ce ta zo da tsarin da ake ɗaga yaro aji saboda shekara ta zagayo, ko ya iya ko bai iya ba. Da na kawo wannan misali, wani dattijo da ya fi kowa zafi ya ce to ai haka ya kamata a yi tun farko.

Ɗalibi A Amurka ya amsa:

Ina gaida iyayena da malamaina. Ina karatun digiri na biyu ne a fannin ilimi, kuma abin da Baba da Malama suka bayyana ya yi kama da tsarin matakai uku da makarantun gwamnati na nan suke bi, wanda ya bazu bayan gyaran da aka yi wa dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman a 2004. Mataki na farko shi ne koyarwar da kowane yaro ke samu a aji, kuma ana sa ran ta wadatar da kimanin kashi 80 cikin 100 na ɗalibai. Kimanin kashi 15 sukan buƙaci ƙarin taimako a ƙaramin rukuni, sauran kashi 5 kuma sai an zauna da kowannensu shi kaɗai. Ba ina cewa a kwafo tsarin ba ne, domin makarantun nan suna da ƙwararrun da makarantar Malam ba ta da su. Ƙa'ida ɗaya ce nake ganin ta dace da ko'ina: idan mafi yawan aji ne suka kasa, to laifin ba na yaran ba ne, koyarwar ce ke buƙatar gyara, kuma darasin ƙari na bayan tashi ba zai cike wannan giɓi ba.

Amfanin ƙa'idar na biyu shi ne, sai bayan an gyara koyarwar kowa ne ake iya gane yaran da ke da matsala ta daban. Idan aka yi mako shida ana awa ɗayar da Malama ta faɗa, yawanci za su motsa, sai a ga wasu ƙalilan sun tsaya cak. Kafin a kira su daƙiƙai a duba abubuwa masu sauƙi: ko yaron yana ganin allo daga inda yake zaune, ko yana ji idan aka yi masa magana ta bayansa, ko yana da sikila, ko yana zuwa da yunwa. Wani bincike da Edward Miguel da Michael Kremer suka yi a yankin Busia na ƙasar Kenya, wanda aka wallafa a 2004, ya nuna cewa ba wa ɗalibai maganin tsutsar ciki ya rage fashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka yana da kyau jami'in lafiya na asibitin garin ya kasance cikin waɗanda Malam zai riƙa tuntuɓa.

Malamin Ƙauye ya amsa:

Maganganun nan duka masu kyau ne, amma ina roƙon a dubi lambar da Malam Hedimasta ya bayar tun farko. Malamai tara ne ga yara 600, wato kowane malami yana da sama da yara sittin, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Tsoron da nake ji shi ne, kowane sabon tsari yakan iso wa malamin aji ne a matsayin ƙarin takardun cikewa, kuma wanda bai fahimci dalilin ƙirgan ba zai cike lambobin da yake jin shugabansa na son gani. Idan Malam zai yi wannan aiki, ya zaunar da malamansa tukuna, su yi awon da hannunsu su gani da idonsu, kuma ya ɗauke musu wani nauyin kafin ya ɗora musu wannan. In ba haka ba, zai samu takarda mai kyau da aji yadda ya bar shi.

Hajiya Ta Kwamitin Makaranta ta amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ba malama ba ce, uwa ce, kuma shekarata shida a kwamitin al'umma mai kula da makarantar unguwarmu, wanda ake kira SBMC. Rajista za ta faɗa maka wadda ba ta zo ba, amma ba za ta faɗa maka dalili ba, kuma dalilin yana cikin gida, inda kai namiji ba za ka shiga ba. Taron iyayen da ka kira maza ne suka zo, alhali wadda ke ɗora wa yarinya farantin talla da safe tana ɗaka. Ka nemi mata uku ko huɗu da ake jin maganarsu, irin su malamar Islamiyya da ungozoma da uwargidan mai unguwa, ka ba su sunayen 'yan matan da suka zame, su shiga su tambaya cikin mutunci.

Da muka yi haka a wurinmu, abin da muka tarar ya bambanta da abin da malamai suke zato. Kowa yana cewa aure ne, amma waɗanda aka yi wa aure ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wasu talla ce, kuma uwa ba za ta sauke farantin don an yi mata wa'azi ba, tunda da shi take tara kayan ɗakin 'yar; abin da ya yiwu shi ne muka roƙa a mayar da tallar bayan azahar. Wasu kuma, waɗanda suka fara girma, rashin makewayi mai ƙofa ne ya kore su, abin da babu yarinyar da za ta faɗa wa hedimasta da bakinta. Buhun siminti kaɗan da ƙyaure biyu da 'yan kasuwar unguwa suka saya sun dawo mana da yaran da shekara guda ana aika musu takarda ba su dawo ba.

Game da Laraba kuma, ba za ka ci kasuwa da faɗa ba. Ka zauna da mai gari da sarkin kasuwa a nemi yarjejeniya cewa yara su yi karatu zuwa ƙarfe goma sha ɗaya kafin su tafi, kai kuma ka jawo darussa masu muhimmanci zuwa safiyar ranar. Roƙona na ƙarshe shi ne, idan ka gama awon karatun ka faɗa wa iyaye sakamakon a jimlace, amma kada ka karanta sunan ɗan kowa a bainar jama'a, domin uban da aka kunyata a gaban tsaransa cire ɗansa zai yi.

Sabon Hedimasta ya sake rubutawa:

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Na yi shiru na mako uku ne domin in dawo da abin da na gani maimakon godiya kawai. Na bi shawarar Malamin Ƙauye, na fara da zama da malamai, na kuma soke darasin ƙari na bayan tashi domin su samu sarari. A cikin sunaye kusan 600, sunaye 71 ba su amsa kira ko sau ɗaya ba, kuma masu unguwanni sun tabbatar mana cewa fiye da rabinsu ba sa garin. Zagayen azuzuwa ya nuna mini abin da ban so gani ba: a yawancin ranaku ba a fara darasin farko sai bayan ƙarfe tara saura, kuma ni ne sanadi, domin ni na tsawaita taron safe da jawabi da hukunta masu makara.

A aji huɗu mun auna yara 74. Guda 31 ba su san haruffa ba, 22 sun tsaya a harafi, 12 suna karanta kalma, 6 sakin layi, 3 kacal suka karanta labarin. Malamin ajin da kansa ya yi rabin awon, kuma da muka haɗa lambobin ya daɗe bai ce komai ba. A cikin 31 ɗin akwai wani yaro da ya yi suna da taurin kai, wanda ni kaina na taɓa dukansa saboda na kira shi bai waiwayo ba. Da Malamar aji uku ta zauna kusa da shi sai ta ga kunnensa na hagu yana zubar da ruwa. Mun kira mahaifinsa, an kai shi asibiti ranar Litinin.

Abu ɗaya muka zaɓa na wannan zango, wato awa ɗaya ta karatu bisa mataki ga aji huɗu zuwa shida, daga ƙarfe takwas zuwa tara, kuma za mu sake awo a mako na shida. Maganar 'yan mata na miƙa ta ga mata huɗu kamar yadda Hajiya ta ce, sun fara shiga gidaje. Inda na tsaya yanzu shi ne, rukunin marasa harafi zai haura yara tamanin idan aka haɗa azuzuwan uku, malamai uku ne kawai zan iya warewa a wannan awar, kuma ɗakin da zai ɗauke su yana cikin waɗanda ba su da rufi. Malama, a wurinku raba irin wannan rukuni kuka yi gida biyu a ƙarƙashin bishiya, ko kuwa yaran da suka kai matakin labari kuka sa su riƙa taimaka wa malami?